Kwalbar Ƙarshe a Firiza

Ranar da labarin ya iske ta, Inna tana kan keken ɗinki, tana kafa wa wata rigar makaranta hannu, jikanta kuma yana barci goye a bayanta. Ta ji an buɗe ƙofar falo ba sallama. Da ta ɗaga kai sai ta ga surukinta tsaye a tsakiyar darduma da takalma a ƙafarsa. Mutumin nan tun da ya auri 'yarta bai taɓa taka dardumar da takalmi ba, bai kuma taɓa yi mata magana a tsaye ba. Takalman ta tsura wa ido, ba ta dubi fuskarsa ba. Ƙafarta ta ci gaba da taka keke ita kaɗai, har allura ta fita daga yadi tana ɗinka iska.

"Inna," ya ce. "Motar wurin aikinsu ce. Sun je karɓo jini daga asibiti, to a hanyar dawowa..."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Ta kai hannu baya ta dafa yaron, ta ji yana numfashi, sannan ta ce innalillahi da muryar da ba ta san tata ce ba. Abin da ya fara zuwa mata a rai, kuma har yau tana jin kunyar faɗa, shi ne wa zai kawo nonon yamma.

'Yar nan ita kaɗai Allah ya raya mata. Inna ba ta kama sunanta, tun tana ƙarama Uwar Kwalabe take ce mata, don yarinyar ba ta ganin kwalbar magani a yashe ta wuce. Sai ta ɗauko, ta wanke, ta jera a bakin taga, ta zuba wa wannan ruwan shayi, wannan ruwan sabulu, ta zauna tana kallo. Girma bai raba ta da halin ba, sai ma ya zame mata sana'a. Ta yi karatu mai zurfi, ta sami aiki a wani ɗakin bincike, inda kwalabe suka fi mutane yawa. Da mijin Inna ya rasu, sai yarinyar ta ɗauko ta da kekenta ta kawo ta gidansu, a bene hawa na biyu, aka ba ta ɗakin da ke kallon titi.

Bayan haihuwa, da hutu ya ƙare, Uwar Kwalabe ta koma aiki. Kullum da rana takan keɓe ta tatsi nononta da wata 'yar na'ura, ta zuba a ƙananan kwalaben roba, ta manna farin tef a jiki ta rubuta ranar. Da yamma ta shigo da su a jaka mai ƙanƙara. Na gobe ya shiga firij, rarar ta shiga firiza. Inna ce mai bayarwa.

Ranar farko Inna ta juye nonon a tukunya ta ɗora a wuta, don a saninta duk abin da zai shiga cikin jariri sai ya tafasa. Yarinyar ta shigo kicin ta gani, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Inna, kin dafa min saƙonni!"

"Saƙon uban wa? Nono ne fa, ba wayar salula ba."

"Wallahi saƙo ne. Zo ki zauna in gaya miki aikin da nake yi, tunda kullum ce wa mutane kike wankin kwalba nake."

"To ba shi kike ba?"

Ta ja ta falo, ta zaunar da ita gaban keken. Ta ce jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, ana ce musu sel, kuma kowace tamkar shagon tela ce. A can ciki akwai babban tsarin ɗinki da ba ya fita daga ɗaki. In ana son wani abu, sai a kwafo awonsa a kan dogon zare a miƙa wa keke, keke ya bi ya ɗinka. Abin da yake ɗinkawa shi ne furotin, da shi jiki yake kusan duk aikinsa.

Sai ta sunkuya ta tsinto wani guntun zare a ƙasa, bai kai tsawon farce ba.

"Inna, in wannan ya shige miki cikin kwarkwaron keke, me ke faruwa?"

"Ya cije. Ko taka shi na yi ba ya motsi sai na zaro ɗan banzan."

"To shi ne maikro-RNA. Guntu ne, shi ba a ɗinka komai da shi. Amma yana da dogon zaren da ya dace da shi, in ya same shi ya manne, ɗinkin wannan abin ya tsaya ko ya ragu. Aikinsa ke nan, ya ce wa sel ta sassauta nan, ta dakata can."

"Ashe har a cikin jiki akwai masu hana ruwa gudu."

Yarinyar ta yi dariya har ta dafa keke. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki, sel ba ta riƙe guntayen nan ita kaɗai. Takan ƙunshe wasu a cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna masu fatar maiƙo, ta tara su a wata babbar jaka, babbar ta matso bakin sel ta buɗe, ƙananan su watsu waje. Su ake kira ekzosom. Suna yawo a jini, suna cikin yawu, suna cikin nono da yawan gaske. In suka isa wata sel ta haɗiye su, ƙunshin ya kwance, guntayen su shiga aiki a shagon da ba nasu ba.

"Kin ga ke nan jikina yana aika wa hanjin yaron nan magana. Fatar maiƙon ce ke kare su a cikinsa. Ke kuma kin sa su a wuta kin ƙara gishiri."

"Ban sa gishiri ba, 'yar nema. To me suke ce masa?"

"Shi muke nema. Muna zaton suna taya hanji girma, suna koya wa garkuwar jiki hankali. Amma ba mu gama sani ba."

"Shekara da shekaru kuna kallon kwalba ba ku gama sani ba?"

"Ke shekara nawa kina ɗinki, har yau wuyan riga yana ba ki wahala."

Daga ranar Inna ta koyi yadda ake yi. A ɗebo ruwan ɗumi a shuɗin kwano, a tsoma kwalbar, a jujjuya a hankali, a ɗiga a bayan hannu a ji. Ba ta iya kiran sunan abin da kyau ba, sai ta sa musu 'yan ƙunshi. In tana ba yaron takan ce, "Karɓi, maigida, uwarka ta aiko da surutu."

Bayan rasuwar gidan ya cika, sannan ya watse. 'Yan uwa suka koma garuruwansu, maƙwabta suka koma harkokinsu. Aka bar su su uku, kuma a cikin ukun ɗaya ne kawai mai yin hayaniya. Surukin, malamin lissafi ne a wata sakandare, yakan durƙusa da safe ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ya sumbaci ɗansa ya fita. Da yamma ya dawo, ya sake durƙusawa, ya ci abin da ta ajiye masa shi kaɗai a tebur. Da can yarinyar ce ke tsakaninsu, ita ke ɗauko maganarsa ta kai wa Inna, ta ɗauko ta Inna ta kai masa, ta ƙara da tata. Yanzu kowa yana riƙe da maganarsa, babu mai kaiwa.

Ba a rufe mako ba sai ga abokiyar aikin yarinyar, wata siririya da Inna ke kira Mai Tabarau. Ta zo da jaka mai ƙanƙara, irin wadda Inna ta saba gani. Ta zauna a bakin kujera ta kasa buɗewa.

"Mama, na ranar ne. Ta tatsa kafin su fita, ta sa a firij ɗin ɗakin shayinmu. Da yamma na gan shi, na mayar firiza. Na rasa yadda zan yi da shi."

Inna ta karɓa da hannu biyu. Kwalba ɗaya ce, ba ta ma cika ba. Karatun Inna bai yi nisa ba, amma ta san hannun 'yarta, yadda take jan wutsiyar harafi kamar tana sauri ta kama mota. Ta kai kwalbar firiza, ta tura ta can ƙurya, bayan sauran.

Sauran suka yi ta raguwa. Likitan yara ya ce a fara haɗa masa da madarar gwangwani don ya saba kafin su ƙare, aka fara. Yaron ya yi bore, ya yi kuka, cikinsa ya ɗan ɓaci, daga baya ya haƙura. Wata safiya Inna ta buɗe firiza ta tarar saura ta ƙuryar kaɗai. Ta daɗe tsaye sanyi yana dukan fuskarta, sannan ta rufe, ta je ta dama ta gwangwani.

Tun daga nan kwalbar ta zama abokiyar hirarta. In surukin ya fita, yaron ya yi barci, gidan ya yi tsit sai ƙarar firij, takan bar keke ta je kicin ta buɗe. Ba ta ɗauka, dubawa kawai take. A ranta ta ce, duk wata magana da yarinyar nan ta taɓa yi an gama jin ta, an gama maimaita ta, ta fara dusashewa. Wannan ce kaɗai ba a ji ba tukuna. Tana nan a ƙunshe, sabuwa, daga jikinta, a ranar da take da rai tana dariya. Muddin ba a buɗe ba, ai ba ta gama magana ba.

Wata ya bi wata. Yaron ya fara zama, ya fara kai komai baki. Ran nan surukin ya gama gaisuwa bai tashi ba.

"Inna, ina neman afuwa. Wannan da ya rage..."

"Yana nan."

"Na sani. Cewa na yi, ita ta taɓa gaya min ba a barinsa ya daɗe sosai ko a firiza. Kada ya wuce lokacinsa, yaron bai samu ba."

"Yaron yana jin yunwa ne?"

"A'a."

"To a bar shi."

Ya sunkuyar da kai yana kallon darduma. Ta ga wuyan rigarsa ya fara cinyewa, ta so ta ce ya kawo ta juya masa, bakinta ya ƙi buɗewa. Ya ce, "To, Inna," ya tashi. Bai sake tayar da zancen ba, ita kuma ta fi jin ciwon shirun da ya yi fiye da in da ya yi gardama.

Sai wutar unguwar ta lalace. Ba ɗaukewar da aka saba ba ce, wadda kafin a gama tsaki an dawo da ita. Wani abu ne ya yi ƙara a kan turken bakin titi, hayaƙi ya tashi, masu gyara suka zo suka ɗaga kai suka duba, suka ce sai an kawo sabo. Inna ta hana kowa taɓa ƙofar firiza. Ta lulluɓe firij ɗin da bargo biyu kamar mai zazzaɓi. Washegari ta sauka ta nemo ƙanƙara wajen mai sayar da lemo, ta cusa. Kwana na gaba mai lemon ma tasa ta narke, duk layin babu mai ita.

Da safe, bayan surukin ya fita, ta buɗe ta taɓa. Kwalbar tana da sanyi, amma da ta karkata ta sai ta ga abin ciki ya motsa.

Ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta goya yaron, ta sa kwalbar a jakar nan tare da 'yar ƙanƙarar da ta rage, ta kulle gida. Ta tuna yarinyar ta taɓa yi mata alfahari da firizar wurin aikinsu, wadda sanyinta ya ninka na gida, kuma wutarta ba ta taɓa ɗaukewa. Sau ɗaya ta taɓa zuwa wurin. Ta hau motar haya, ta sauka inda bai kamata ba, ta tako sauran da ƙafa, jakar a ƙirjinta.

Mai gadin ƙofa ya dube ta, ya dubi goyon.

"Baba, nan ba asibiti ba ne fa. Asibiti yana gaba."

"Na san asibiti, ɗan nan, ba jiya aka haife ni ba. Kira min mai tabarau ɗin nan, siririya, ta ɗakin nono."

"Ɗakin nono kuma?"

"Kai dai kira ta."

Mai Tabarau ta fito da farar riga, ta rungume ta, ta shigar da ita ɗakin shayi, don ba a shiga da yaro ɗakin aiki. Ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, butar lantarki, firij a kusurwa, da wata kujera mai hannu a bayan labule. Inna ta dubi kujerar, ta gane nan ne 'yarta take keɓewa ta tatsi nono. Ta gilashin ƙofa ana hango ɗakin aikin: dogayen tebura, kwalabe jere har sama, wata na'ura mai kama da injin wanki tana gurnani, da firizar, doguwa, mai hannu kamar na ƙofar kurkuku.

Inna ta faɗi abin da ya kawo ta. Mai Tabarau ta wanke hannu, ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta wajen haske, ta jujjuya.

"Mama, ya narke duka. Ko ƙwayar ƙanƙara babu. Sanyinsa bai tafi ba, yana da kyau har yanzu. Amma wanda ya narke haka ba a mayar da shi a daskare a sake ba yaro. In za a sha, yau ne."

"Ku sa min a taku. Ai ta ce taku ba ta da na biyu."

"Zan iya sawa. Zai yi shekaru a ciki, kuma duk ranar da kika zo zan fito miki da shi ki gani. Amma ki ji gaskiya. Firizar nan da jinin marasa lafiya a ciki, da magunguna. Abin da ya shiga can ya zama kayan bincike, ba ya komawa bakin yaro har abada."

Inna ta zauna. Yaron ya farka yana jan ɗankwalinta, ta sauke shi ta ɗora a cinya.

"'Yan ƙunshin nan," ta ce. "Suna ciki har yanzu?"

"Ta gaya miki ashe." Mai Tabarau ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu. "Wasu sun fashe, sanyi da narkewa suna rage su. Amma da yawa suna jurewa. Kina son ki gan su?"

Ta buɗe wayarta ta nuna mata wani hoto mai toka-toka. Ta ce wancan injin mai gurnani shi ke juya nono da gudun da ba a misaltawa, har maiƙo ya hau sama, su kuma su kwanta a gindin kwalba, sannan a ɗauki hotonsu da wata babbar na'ura. Inna ta matso da wayar kusa da ido. Wasu 'yan da'irori ne, kowanne da ɗan lotso a tsakiya.

"Maɓallai," ta ce. "Maɓallan rigar jarirai."

"Ita ma haka take cewa. Wannan hoton ita ta ɗauka."

"To in ya sha, zai ji abin da ta ce?"

Mai Tabarau ta ajiye wayar. "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. A kwanon gwaji mun ga sel ɗin hanji suna haɗiye su, mun ga guntayen sun shiga, mun ga wasu ayyukan sel sun canza. A cikin yaro mai rai kuwa, nawa ke isa, me suke yi, masana har yanzu gardama suke. Kuma kwalba ɗaya ba magani ba ce, ba za ta ƙara masa wani abu da za ki gani da ido ba. Ba magana ce irin tawa da taki ba."

"Na sani ba sallama za ta yi masa ba."

"Abin da na tabbata shi ne, a firiza ba sa yin komai. Sai sun sami sel mai rai da za ta karɓa. Jikinta kuwa don yaron nan ya yi su."

Inna ta dubi firizar ta gilashi. Ta ga kanta tana zuwa nan duk wata, tana gaisawa da mai gadi, ana fito mata da kwalba mai farin ƙanƙara ta duba, a mayar. Abin ya yi mata daɗi a rai, ba ƙarya. Za ta sami inda za ta riƙa zuwa. Sai yaron ya miƙa hannu ya cafki kwalbar a kan tebur, yana ƙoƙarin kai murfin baki, yana gurnani.

"Kai, maigida, ba ka da ta ido," ta ce, ta ƙwace. "Haka ake yi? Gaban baƙi?"

Ya buɗe baki zai yi kuka. Ta dube shi da kyau. Goshin na ubansa ne, amma wannan taurin kan ta san inda ya samo.

Mai Tabarau ta tashi za ta kunna buta. "A ɗumama a nan?"

"A'a. Ba ni ƙanƙarar sha in kuna da ita. Ubansa yana tashi daga makaranta da azahar."

A gida ta kunna risho, ta ɗumama ruwa, ta zuba a shuɗin kwano. Kafin ta tsoma kwalbar, ta sa farce ta ɓare tef ɗin a hankali don kada ruwa ya cinye rubutun, ta manna shi a wuyan kekenta. Tana jin takun surukin a matakala ta tsoma.

Ya cire takalma, ya durƙusa, ya fara gaisuwa, sai idonsa ya faɗa kan kwanon. Gaisuwar ta tsaya a rabi.

"Zauna a kujera," Inna ta ce. "Karɓi ɗanka."

"Inna, ke ya kamata..."

"Ni na ba shi duk sauran. Zauna."

Ya zauna, a karo na farko a gabanta. Ta juye nonon a kwalbar shayarwa, ta ɗiga a bayan hannunta, ta miƙa masa. Yaron ya kama, ya zuƙa sau ɗaya, ya saki, ya yamutsa fuska, ya kau da kai. Bakinsa ya saba da na gwangwani, wannan kuma ya daɗe a sanyi, ɗanɗanonsa ya juya. Uban ya sake miƙawa, yaron ya ture da hannu. Wani ɗigo ya gangara ta haɓarsa ya faɗi a hannun kujera. Inna ta matso da sauri. Ta kai yatsa ta lakato ɗigon ta shafa masa a leɓe.

"Haba maigida," ta ce, ta durƙusa a gabansu. "Kada ka kunyata ni. Na yi maka yawo da shi a rana, na yi faɗa da mai gadi saboda kai. Wane irin miji ne kai, a kawo maka abu tun daga nesa ka ce ba ka so? Wallahi in ka ƙi, na daina ɗinka maka wando, ka yi ta yawo haka."

Surukin ya yi wata 'yar dariya da ta fita tare da hawaye. Yaron ya dubi ubansa, ya dubi kakarsa, ya lashi leɓe. Sannan ya kamo kwalbar da hannu biyu kamar shi ya yi shawara, ya soma sha. Ɗakin ya yi shiru, ba firij, ba fanka, sai ƙarar haɗiyarsa. Ba a daɗe ba. Abin da Inna ta yi watanni tana gadi ya ƙare kafin ruwan kwano ya huce. Yaron ya saki, ya yi gyatsa, ya kama maɓallin rigar ubansa yana wasa.

Inna ta karɓi kwalbar ta ɗaga ta wajen taga. Babu komai sai farin dusu-dusu a jiki. Ta jira ta ji wani abu, sauƙi ko nadama, ba ta ji ko ɗaya ba. Gidan dai ya ƙara faɗi.

"In ka cire rigar nan ka ajiye min," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Wuyan ya cinye."

"To, Inna."

An gyara wutar bayan 'yan kwanaki. Firiza ta koma ta nama da ƙanƙara, Inna ba ta buɗe ta sai da dalili. Yaron yanzu yana gudu, yana sha da kofi, yana kiranta da wani suna da shi ya ƙirƙira. In ya yi zazzaɓi ya warke, ko ya ci abin da ya kamata ya ɓata masa ciki bai ɓata ba, takan so ta ce aikin 'yan ƙunshi ne, sai ta tuna fuskar Mai Tabarau ta yi shiru. Surukin yana zama a kujera yanzu, wani lokaci har ya ba ta labarin ɗalibansa. Amma da ya fita, aka kai yaron makarantar rainon yara, gidan nata ne ita da ƙarar firij.

Tef ɗin yana nan a wuyan keken. Ya yi ruwan ƙasa, man keke ya taɓa gefensa, kuma kusurwa ɗaya kullum sai ta ɗago cikin dare. Kowace safiya, in ta yaye ƙyallen da take rufe keken, kafin ta zura zare a allura, takan sa babban yatsa ta danne kusurwar, ta murza har ta kwanta. Sannan ta ja kujera ta fara aiki.